Takardar Auta: Lissafin Kuɗin Gwajin Otizim da Abin da Yake Sayowa a Kaduna

Maganar ta taso ne daga wani saƙon murya da 'yar kawunmu ta turo min kwana uku bayan Ƙaramar Sallar 2025. Ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Bayan gaisuwa da barka da Sallah, sai ta ce: "Anti, don Allah ku kai Ya Auta a duba shi. Duk sanda aka kawo mana masu irin wannan lalurar a wurin aiki, shi nake tunawa. Ina kyautata zaton otizim ne. Kuma idan likita ya tabbatar, gwamnati na biyan irinsu kuɗi."

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun farkon rayuwa. Zancen kuɗin nan shi ya zaga dangi kafin magariba. Zancen a duba shi kuwa, wanda shi ne ainihin saƙon, kusan ba wanda ya tsaya a kansa.

Ni ce babbar 'ya mace a ɗakinmu, ina koyarwa a wata makaranta a nan Kaduna, kuma ni na yi zirga-zirgar wannan al'amari har wata biyar. Da izinin ƙanena na rubuta. Ya karanta, ya ce in cire sunan unguwarmu da na wuraren da ya yi aiki, in kira shi da sunan da ake kiransa a gida. Haka na yi.

Wane ne Auta

Shekararsa 31, yana da difloma a fannin akanta, bai yi aure ba. A ɗakin zauren gidanmu yake kwana, Umma tana ciki. Baba ya rasu shekara shida ke nan. Wanda ya gan shi a masallaci ba zai ce akwai wani abu ba: sahun farko, gefen dama, wuri ɗaya kullum. Idan ya tarar wani ya riga shi wurin, sallar zai yi, amma yinin ranar ya lalace masa.

Aiki uku ya rasa cikin shekara biyar, kuma babu inda aka ce ya ci amana ko bai iya ba. Na biyun ne ya fi tsaya min a rai. Shi ke riƙe da littafin kaya a wani shagon sari, katan ɗaya ba ya ɓata a hannunsa. Wata rana Alhaji na tsaye da baƙi a bakin shago, Auta ya zo da littafi a buɗe ya ce: "Alhaji, ɗanka ya ɗauki katan biyu na madara ranar Talata bai rubuta ba. Da wannan sau huɗu ke nan." Gaskiya ya faɗa tsagwaronta. Washegari aka ce ya ɗan huta, za a neme shi. Ya yi wata guda yana tambayata: "Yaya, ba don in rubuta abin da ya fita aka ɗauke ni ba?" Ba gatse yake ba. Da gaske bai ga inda ya kuskure ba.

A wurin na uku janareta ne ya kore shi. An ajiye shi dab da tagar ofishinsa, idan aka tayar sai ya toshe kunne da tafin hannu, idan abin ya yi yawa ya fice ba sallama. Aka ce ba shi da ladabi.

Sunayen da aka liƙa masa tun yana yaro suna da yawa: miskili, bauɗaɗɗe, mai girman kai. Wasu gwaggonninmu sun haƙiƙance shafar aljanu ce. Bayan rasuwar Baba barci ya ƙaurace masa, ya daina fita sai masallaci, aka shiga kai shi ruƙiya, ana sayen turare da mayuka, wani mai kemis kuma yana ba shi ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba. Ban raina addu'a ba, da ita muke kwana muke tashi. Amma a duk shekarun nan babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da yake ji.

A rediyo da jaridun Hausa kalmar galahanga ake yawan amfani da ita idan ana maganar otizim. Matsalarta ita ce mutane sun saba jin ta a kan yaro mai zubar da yawu, wanda ba ya magana ko ba ya iya tafiya, sun haɗa lalurori daban-daban a ƙarƙashinta. Da Umma ta ji kalmar sai ta ɓata rai: "Autana da ya haddace izu talatin ne galahanga?" Na daɗe ina yi mata bayani cewa otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun farkon rayuwa, yana shafar mu'amala da mutane, da son yin abu iri ɗaya kullum, da yadda mutum yake jin ƙara ko haske ko taɓi. Akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma mai digiri. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. Yaran nan kuwa girma suke yi, su zama manya a cikin gidajenmu da kasuwanninmu.

Kuɗin da aka ce ana biya

'Yar kawu ba ta yi ƙarya ba, sai dai maganar ƙasar da take zaune ta yi. A Birtaniya akwai tallafin da ake kira PIP, wanda aka fara a 2013, ana ba babban mutum mai lalurar da ke wahalar da shi a harkokin yau da kullum ko wajen zirga-zirga. Amma ko a can, sunan lalura ba shi ke jawo kuɗin ba. Abin da ake aunawa shi ne me mutum yake iya yi wa kansa: girki, wanka, hulɗa da jama'a, sarrafa kuɗi, tafiya shi kaɗai. Mutum zai iya riƙe takardar otizim a hana shi, wani ba shi da ita a ba shi. A Amurka akwai tallafin da ake kira SSI, wanda a 2025 mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya shi ne dala 967 a wata, kuma sai wanda dukiyarsa da ake ƙirgawa ba ta wuce dala 2,000 ba, sannan lalurar ta hana shi aikin da zai riƙe kansa. Auta da ke zuwa aiki kullum, ko a can ne sai ya sha tambayoyi.

A Najeriya babu wani tsari na ƙasa da ke biyan mutum alawus duk wata don likita ya ce yana da otizim. Wannan jimlar na so a ce wani ya faɗa mana tun ranar farko. Tallafin kuɗin da gwamnatin tarayya ke rabawa, daga naira 5,000 na zamanin Buhari zuwa naira 25,000 sau uku da Tinubu ya sanar a 2023, talaucin gida ake dubawa ta rajistar marasa galihu, ba takardar asibiti ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a dalilin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikaci ya yi ritaya kafin shekara 50 idan likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba ba, amma kuɗin da ya tara ne zai karɓa. Ba ɗaya a ciki da ya hau kan Auta.

Abin da ke akwai shi ne doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Na nemi kwafinta na karanta da biro a hannu. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari masu naƙasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa na da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta a asibitocin gwamnati, kuma hukumar ce ke ba shi takardar shaida. Ta ce a fara sallamar mai naƙasa a layi. Ta yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuwa naira miliyan 1. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, da hukumar da ke kula da al'amuran masu naƙasa.

Haƙƙoƙi ne na gaske, kuma masu naƙasa sun yi shekaru suna fafutuka kafin a same su. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a layin biyan kuɗi na asibitin gwamnati ya san akwai tafiya tsakanin abin da ke cikin littafin doka da abin da mai karɓar kuɗi zai yarda da shi a taga. Kashi 5 ɗin nan ma gurbi ne da za a yi takara a kansa da makafi, da kurame, da masu keken guragu, mutanen da lalurarsu ido na gani. Mai otizim da ya shigo da ƙafarsa, sanye da kaftani a goge, sai ya fara da gamsar da mutane cewa ba dabarar cin gurbi ya zo da ita ba.

Da na kawo wannan bayani gida, Yayanmu babba ya ce: "To magana ta ƙare. Tunda ba kuɗi, me za a je a yi?" A nan ne maganar ta fara.

Nawa ne gwajin

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ne zai zauna da mutum, ya saurare shi, ya lura da shi, ya ji tarihin yarintarsa daga bakin wanda ya raine shi, sannan ya gwada abin da ya gani da ma'aunin da aka amince da shi. Ma'aunai biyu ne duniya ta fi bi: DSM-5 na Amurka, wanda a 2013 ya haɗe nau'in otizim da ake kira Asperger da sauran nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai uku na buƙatar tallafi, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Akwai kayan aiki kamar ADOS-2, inda ake sa mutum hira da wasu 'yan ayyuka ana lura da shi, da ADI-R, doguwar hira da iyaye. Su ke sa gwajin kuɗi ya yi tsada, domin kayan daga waje ake sayo su kuma sai wanda aka horar yake amfani da su. Tambayoyi 50 na AQ da ake samu kyauta a intanet hannunka-mai-sanda ne kawai, ba hukunci ba.

Hanya biyu ce ta buɗe mana. Wata cibiya mai zaman kanta a Abuja ta ce naira 350,000, zama biyu, da rahoto a rubuce cikin mako uku. Sai kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu na mutum uku, zuwa da dawowa sau biyu, da masauki, da abinci. Hanya ta biyu asibitin gwamnati. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu ta wannan fuska, domin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na Barnawa yana cikin gari, ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Albashin Auta a inda yake aiki yanzu, wani shagon sarin magunguna, naira 50,000 ne, ƙasa da naira 72,000 da jihar ta tsayar wa ma'aikatanta a 2024. Wata bakwai ke nan zai yi bai taɓa ko kwabo ba kafin ya biya Abuja.

Wani dare na shiga ɗakinsa na tarar ya ja layi da rula a tsakiyar shafin wani sabon littafin lissafi. Hagu ya rubuta "Fita", dama "Shiga". A hagu ya jera kuɗin Abuja da na tafiya, jimla 480,000, a ƙasa kuma ƙiyasin asibitin gwamnati da kwanakin aikin da zai rasa. A dama ya rubuta "Alawus", ya sa sifili. Sai ya juya shafi ya nuna min wani lissafin da ban sa shi ba. Ya tattara daga tsofaffin rasit da abin da ya riƙe a ka duk abin da aka kashe a kansa tun rasuwar Baba: sadakar malamai, turare, mayuka, ƙwayoyin kemis, kuɗin motar zuwa wani gari wajen mai magani. Ya haura naira 200,000. A ƙasa ya rubuta "wata 14 ba aiki".

Ya ce: "Yaya, wannan ma kuɗin rashin sani ne. An riga an biya. Idan ba a sani ba za a sake biya."

Ni da Yaya mun yi ta auna gwaji da alawus. Shi ya auna gwaji da abin da rashinsa ke ci mana duk shekara, kuma nasa ma'aunin ne daidai.

Abin da Yaya yake tsoro

Ba zan zalunci Yayanmu ba. Ƙin da ya yi ba na rowa ba ne, kuma dalilansa biyu sun hana ni barci.

Na farko aure. A garin nan idan aka ce an ga wane a asibitin ƙwaƙwalwa, ba wanda zai tambayi me ya kai shi. Ranar da dangin yarinya suka fito bincike, maƙwabci ɗaya ya isa ya rushe komai da kalma ɗaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma yi maganar sirrin majiyyaci da haƙƙinsa, amma doka ba ta kama bakin unguwa.

Na biyu gado. Har yau ba a raba gidan Baba ba, kuma muna da 'yan uba. Yaya ya ce: "Ke malama ce, kin san abin da takarda take yi. Ranar da aka zauna rabo, wani ya ɗaga ta ya ce wannan ba shi da cikakken hankali, a naɗa masa mai riƙe masa kasonsa, me za ki ce?" Otizim ba hauka ba ne. Auta ya fi mu duka iya riƙe kuɗi. Amma takardar shaidar da dokar 2018 ta tanada a ƙarƙashin lalurar ƙwaƙwalwa take, kuma mai son zuciya ba ya buƙatar fahimtar bambancin kafin ya yi amfani da ita.

Wannan ne ya sa na gane abu biyu ne muke cakuɗawa. Akwai rahoton likita, wanda sirri ne tsakanin mutum da asibiti, shi ke zaɓen wanda zai nuna wa. Akwai kuma rajista da hukuma da karɓar takardar shaidar naƙasa, wadda ita ce ƙofar gurbin aiki da sauran haƙƙoƙi, kuma amfaninta sai an fito da ita fili. Mutum na iya yin na farko ya dakata da na biyu. Da na shimfiɗa wa Yaya haka, ya yi shiru, can ya ce: "In dai ba za a yi ta yawo da ita ba." Kawu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya juya ya tambayi mai abin: "Auta, kai me kake so?" A iya tunawata wannan ne karon farko da aka yi masa wannan tambayar a taron gida. Ya ce yana so ya sani, kuma asibitin gwamnati, domin bambancin kuɗin ya fi ƙarfin bambancin amfanin.

Ranar da Umma ta yi magana

Zuwa huɗu muka yi cikin wata uku, a ɗaya daga cikin asibitocin gwamnati. Zuwan farko yankar kati ne da jira, muka fita bayan sallar asuba muka dawo bayan azahar. Zauren jiran ya cika, ga talabijin na ta ƙara, Auta ya fita ya tsaya a gindin wata bishiyar dalbejiya, ni na riƙe masa layi. Likitan farko matashi ne, ya saurare mu sosai, ya tura mu wurin babbarsa. Ita ta ce lallai a zo da mahaifiya.

Umma ba ta so ba. Shekararta 68, ga ciwon gwiwa, ga kunyar a gan ta a wurin. Ta zauna a bakin kujera ta ja mayafi, amsa ɗaya-ɗaya take bayarwa. Likitar Bahaushiya ce, ta ajiye biro ta ce: "Mama, ba laifinki ake nema ba. Yana ɗan shekara uku, idan yara suna wasa a tsakar gida, shi ina yake?"

Sai bakin Umma ya buɗe. Ta ce a bayan randa yake zama da marafen kwalba, ya jera su layi-layi bisa launi, idan wani ya shure ɗaya ya yi ta kuka har ya shiɗe. Ta ce bai yi magana ba sai da ya kusa shekara huɗu, da ya fara kuma sai ya riƙa maimaita sanarwar rediyo kalma da kalma, da muryar mai sanarwar. Ta ce ba a aikensa niƙa, domin tun daga nesa idan ya ji injin zai durƙusa ya toshe kunne. Ranar Sallah, sanda kowane yaro ke murnar sabon ɗinki, shi kokawa ake yi da shi kafin ya sa shadda mai sitaci, sai ta wanke ta sau biyu ta yi laushi. Miya ba ta taɓa tuwonsa, a kwano daban ake zuba masa, har yau. Kuma ba ya nuna abu da yatsa ya ce Umma duba, sai dai ya ja hannunta ya ɗora a kan abin da yake so.

Rabin abin nan ban taɓa ji ba, ni da na goya shi. Auta na gefe yana kallon ƙasa, yana gyara mata shekaru idan ta kuskure.

Likitar ta faɗi wani abu da na riƙe. Ta ce yawancin tambayoyin gwajin nan da Turanci aka tsara su, a kan mutanen Turai da Amurka, inda ƙin kallon mutum ido cikin ido alama ce da ake saurin lura da ita. A wurinmu kuwa yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya yabonsa ake yi, a ce yana da kunya. Yaron da ba ya shiga cikin yara a ce natsattse ne. Wanda ke maimaita karatu ba gajiya a ce Allah ya ba shi kai. Tarbiyyarmu ta rufa wa Auta asiri yana ƙarami, ita kuma ta sa ba a gane shi ba sai da ya shiga kasuwa, inda ake buƙatar sanin lokacin da ake yin shiru. Saboda haka, in ji ta, a wurin babban mutum babu abin da ya kai shaidar uwa.

A mota muna dawowa abin ya dake ni. Duk lissafinmu na naira ne, mun manta akwai abin da ke ƙarewa. Baba ya tafi da nasa sanin. Littattafan firamaren Auta sun ɓata a ƙaura. Da mun ce a bari sai an samu hali, ko sai ranar da gwamnati ta fara biyan alawus, wata rana za a nemi wanda ya san yaron bayan randa a rasa. Duk gidan da ke cikin irin shakkarmu, ko ba za su je asibiti bana ba, ina roƙonsu su zaunar da uwa ko gwaggo ko yayar da ta yi raino, a ɗauki muryarta a waya. Wannan ba ya cin ko sisi.

Zuwa na uku masanin halayya ne ya yi awa biyu da Auta shi kaɗai. Na huɗu aka ba mu sakamako: otizim, mataki na ɗaya, wato mafi ƙarancin buƙatar tallafi, ba tare da raunin fahimta ba, tare da ciwon damuwa da fargaba da suka daɗe ba a kula da su ba. Likitar ta bayyana cewa babu maganin da ke cire otizim, kuma duk wanda ya ce yana sayar da shi a guje shi. Damuwar da rashin barcin kuwa ana maganinsu. Ta tsara yadda zai rabu da ƙwayar kemis a hankali, ba a dare ɗaya ba, ta rubuta masa wani magani, ta haɗa shi da zaman tattaunawa duk wata. Jimlar abin da muka kashe, har da kuɗin Keke da kwanakin da aka yanke masa a albashi, ya rubuta shi a littafinsa: naira 46,300.

Rahoton shafi ɗaya da rabi ne. Na Abuja da ya fi shi tsawo da bayani dalla-dalla, kuma ga wanda zai nemi karatu ko aiki a ƙasar waje, inda ake tambayar da wane ma'auni aka yi gwajin, kuɗin nan na iya zama dole. Ga wanda rayuwarsa ke tsakanin gida da shago da masallaci a Kaduna, shafi ɗaya da rabi ya wadatar.

Abin da ya biyo baya

Ko naira ɗaya ba ta shigo daga gwamnati ba, kuma ba ma jiran ta.

Da yardar Auta na je na samu maigidansa na yanzu. Ban kai masa takardar ba, ban ma ambaci sunan lalurar ba. Na ce likita ya tabbatar ƙara da hayaniya na cutar da shi, kuma ya fi gane umarni idan a rubuce yake. Na roƙi abu uku: a mayar da teburinsa sito na baya, a riƙa rubuta masa abin da ake so, idan kuma ya ga giɓi a lissafi ya rubuta a takarda ya miƙa wa Alhaji shi kaɗai bayan an tashi. Na ukun nan ni da Auta muka zauna muka tsara shi kamar doka, domin idan abu ya zama ƙa'ida ba ya karya shi. Alhajin ya ce: "Malama, ai wannan ba komai ba ne. Yaron nan tunda ya zo ban ƙara asarar magani don ya lalace a sito ba." Da ba ni da rahoton nan a jaka, da ban san abin da zan roƙa ba, kuma da ban samu ƙarfin zuciyar shiga shagon ba.

A gida an daina kai shi ko'ina. Gwaggon da ta fi kowa dagewa a kan aljanu ba ta sauka daga ra'ayinta ba, amma Umma ce yanzu ke tare ta, ta ce a yi masa addu'a daga inda ake. Ranar sunan ɗan Yaya ya zo ya gaisa da mutane, ya yi minti ashirin, ya koma ɗakinsa, ba wanda ya bi shi da "fito ka shiga jama'a". Yana barci. Har yanzu akwai ranakun da yake dawowa daga aiki ya rufe ƙofa ba ya son ko sallama, kuma maganar aure tana nan ba a taɓa ta ba. Ya ce idan lokacin ya zo shi zai faɗa wa yarinyar da bakinsa kafin a kai kuɗi, domin ba ya son a ji daga maƙwabta.

Saura rajista da hukuma. Na karɓo masa bayanin abin da ake buƙata. Yaya na nan kan bakansa cewa a jira a raba gado tukuna, ni kuma ina ganin gurbin aikin gwamnati, da fansho da inshorar lafiyar da ke tare da shi, ya cancanci a gwada. Kawu ya ce ba ni ba Yaya, mai abin zai yanke. Auta ya buɗe sabon shafi, ya ja layinsa da rula, ya rubuta gado da aure a hagu, gurbin kashi 5 a dama, bai sa adadi a gaban ko ɗaya ba. Takardun suna cikin ambulan ɗaya da rahoton likita a ƙasan akwatinsa. Ya ce in sanar da shi ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a ɓangaren akanta.